Kuɗin Likitan Dabbobi: Nauyin da Ya Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya

Kaso mai tsoka na arzikin Hausawan Agege a jikin dabba yake. Daga kwatar Oko-Oba, wadda ita ce babbar mayankar jihar Legas, zuwa Karar da ke bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, har zuwa ragunan da ake turkewa a lunguna idan Babbar Sallah ta ƙarato, akwai fatake da dillalai da mahauta da masu dusa da ƴan lodi da masu ganda, waɗanda abincinsu duk ya rataya ga lafiyar sa da rago da akuya. Amma duk da yawan masu ci daga wannan dukiya, ranar da dabba ta kwanta, mai ita kaɗai ake bari da ita. Shi zai nemo likita, shi zai biya kuɗin motarsa, shi zai sayi magani, in kuma ta mutu a ce masa Allah Ya mayar da alheri, kowa ya koma harkarsa. Ra'ayina shi ne, abin da ya sa kuɗin likitan dabbobi ya gagari mai ƙaramin jari bai tsaya ga tsadar magani ba. Babban dalilin shi ne kowa nasa yake biya, shi kaɗai, kuma sai bayan cuta ta riga ta kama. Muddin ba a sauya wannan tsari ba, ko an rage farashin allura, asarar ba za ta ragu ba.

Tsadar dai gaskiya ce, kuma tana da tushe. Yawancin magungunan da ake yi wa dabba a ƙasar nan, irin su oksitetirasayikilin da ake yi wa zazzaɓi da ciwon huhu, da aibamektin na kaska da ƙazuwa, da maganin sammore, ko dai daga waje ake shigo da su ko kuma sinadaran haɗa su ne ke zuwa daga waje. A farkon watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tallafin fetur kuma an janye shi tun ranar 29 ga Mayun 2023, kuma likitan da zai ratsa cunkoson Legas ya zo ya duba sa ɗaya dole ya sa kuɗin mai a lissafi. Allurar rigakafi ba ta jure zafi, sai da firji, firji kuma sai da janareta. Shi kansa likitan shekara shida ya yi a jami'a, a Zariya ko Ibadan ko Sakkwato ko Maiduguri, kuma yana biyan hayar asibiti da farashin Legas. Saboda haka masu cewa likitocin ne suka cika son kuɗi ba su kalli lissafin duka ba. Sannan dabbar da ta sauka a Agege ta riga ta jigata. Sa da aka loda a Potiskum ko Maigatari ko Illela ya yi tafiyar kilomita dubu ko fiye a tsaye cikin tirela, da ƙarancin ruwa da abinci, a matse da dabbobin wasu garken. A irin wannan gajiyar ce ciwon huhu ke samun ƙofa.

Abin da mutum ke yi idan likita ya fi ƙarfinsa sananne ne. Zai je wurin mai sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwa, ya kwatanta abin da ya gani, a ba shi kwalba da sirinji, ya yi allurar da hannunsa bisa kintace. In dabbar ba ta tashi ba, a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, a karya farashi, nama ya shiga kasuwa. Ba mugunta ke sa shi haka ba, tsoron karyewar jari ne. Amma illar ba a kansa take tsayawa ba. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin da dole a jira kafin a yanka dabbar, in ba haka ba ragowarsa na nan a cikin naman da mai tsire zai gasa da wanda uwar gida za ta sa a miya. Allurar da ba ta kai ƙima ba kuma tana koya wa ƙwayar cuta jure magani, har ya zama maganin da ke aiki jiya ya daina aiki ga dabba da mutum baki ɗaya. Ke nan kuɗin da mai rago ya kasa biyan likita, jama'ar gari ne ke biyansa daga baya a asibitin mutane.

Tarihi ya nuna mana cewa ba a taɓa cin ƙarfin cutar dabbobi da aljihun mutum ɗaya ba. Cutar bushiya ce ta sa aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a 1924, wadda har yau ita ke haɗa yawancin alluran rigakafin dabbobi na cikin gida. A 1962 aka fara gagarumin gangamin rigakafin bushiya a ƙasashen Tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ana bin garke garke ba tare da an tambayi makiyayi ko yana da kuɗin allura ba. Da aka yi sakaci bayan gangamin ya ƙare, cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa garkunan Arewa mummunar ɓarna. Da aka sake haɗa kai, aka kore ta, har a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Sai dai tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 gwamnatoci suka yi ta janye hannu daga kula da lafiyar dabbobi, aka bar mai dabba da ɗan kasuwa su daidaita tsakaninsu. Halin da muke gani a yau ɗan wannan janyewar ne.

Wasu za su ce ai maganin abin shi ne inshora, kamar yadda Turawa ke yi wa karnuka da kyanwoyinsu. Gaskiya ne abin ya daɗe a can: a Suwidin aka fara yi wa kare inshora a 1924, a Amurka kuma a 1982. Amma bai hana kuka ba. A Ingila ƙorafin tsadar asibitocin dabbobi ya yi yawa har hukumar kula da gasar kasuwanci ta buɗe bincike a 2023, ta kuma gano cewa manyan kamfanoni shida ne ke riƙe da kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin, alhali a 2013 kusan kashi 10 ne kacal ke hannun manyan kamfanoni. Inshorar da ke biyan duk abin da asibiti ya rubuta ba ta da dalilin sauko da farashi. Ban da haka, tsarin an gina shi ne a kan dabba ɗaya mai suna da kati, wadda za ta shekara goma a gida ɗaya. Ragon Agege kuwa mako uku ko huɗu zai yi ya canza hannu, sa kuma wani lokaci kwanaki kaɗan. Mu ma muna da namu: tun 1987 aka ƙirƙiro shirin inshorar noma na ƙasa, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin da manomi ko makiyayi zai biya. Sai dai a aikace ya fi tafiya tare da bashin banki, kuma ya fi dacewa da gona mai rajista da takardu. Mai raguna goma sha biyar a bayan masallaci ba ya cikin wannan lissafi.

Abin da ya dace da mu shi ne asusun kasuwa. Kowace dabba da ta sauka daga mota a biya mata wani ɗan ƙayyadadden kuɗi, na sa daban, na rago da akuya daban, kamar yadda ake cire la'ada ba tare da an yi gardama ba. Aikin asusun na farko shi ne ɗaukar likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, da mataimaka biyu ko uku, su zauna a kasuwar kullum, su duba dabba tun tana saukowa, su ware mai alamar cuta a wani turke daban. Aiki na biyu shi ne sayen magani da sari daga dillalin da NAFDAC ta sani, da firji mai aiki da hasken rana, don a rabu da jabu da wanda zafi ya kashe. Diyya ita ce ta ƙarshe, kuma ga wanda ya kai rahoto da wuri ya bi abin da likita ya ce. Hikimar a nan ita ce kason kowace dabba daga albashin likita ɗaya da aka raba a kan dubban dabbobin da ke ratsa kasuwa a wata ba zai kai abin da mutum ɗaya ke kashewa a kiran gaggawa ɗaya ba. Likitan da albashinsa ke tsaye kuma ribarsa na cikin dabba ta zauna lafiya, ba cikin yawan allurar da ya sayar ba.

Ƙorafi na farko da za a ji na addini ne, kuma ya cancanci amsa ta girmamawa. Malamai da yawa sun ƙi inshorar kasuwa saboda riba da garari da kamanninta da caca. Amma malaman da suka ƙi waccan su ne suka yarda da takaful, inda abin da kowa ya zuba sadaukarwa ce ga asusun taimakon juna, rarar da ta saura kuma ta masu zubi ce. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, a 2016 kuma aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. An ma gwada shi a kan dabbobi: a yankin Wajir na Kenya, inda makiyaya Musulmi ne, an fara takaful na dabbobi a 2013, kuma a 2014 aka biya waɗanda fari ya taɓa. Mu kanmu ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Fulanin Nijar suna da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa garke aron saniya har ta haifa masa, sannan ya mayar da uwar. Neman magani ga dabba kuma bai ci karo da tawakkali ba. Addinin da ya hana yin layya da dabba mai bayyanannen ciwo ko gurguwa ko ramammiya ya riga ya ɗora wa mai sayar da rago nauyin kula da lafiyarsa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne na amana. Bafatake zai ce tun daga Arewa har Legas yake biya a shingaye, ga kuɗin ƙungiya, ga kuɗin fili, ga na ƙaramar hukuma, bai ga abin da aka yi masa da su ba, don me zai ƙara wani? Yana da gaskiya, kuma duk asusun da ya shiga aljihun shugabanni ya mutu tun ranar haihuwarsa. Saboda haka dole kuɗin ya zauna a banki da sa hannun mutum uku daga ɓangarori daban, a riƙa liƙa lissafin shiga da fita kowane wata inda kowa zai gani, kuma a karanta shi da baki don wanda ba ya karatun boko. Bambancin wannan kuɗi da na shinge shi ne ana ganin abin da ya saya: ga likita a tsaye, ga firji, ga magani. Akwai kuma mai tsoron cewa wani zai kwaso marasa lafiya da gangan don ya ci diyya. Maganin wannan shi ne dubawar ranar sauka, wadda za ta hana dabbar da ta zo da cuta shiga lissafin diyya, da kuma ƙa'idar cewa diyya ba za ta kai cikakken farashi ba, ta yadda mai dabba zai fi son ta rayu. Kasuwar da dillali ke sanin asalin kowane sa da wanda ya kawo shi ta fi kowane kamfani iya gane maƙaryaci.

Saura masu cewa wannan duk aikin gwamnati ne. Wani ɓangarensa nata ne, kuma ba za a yafe mata ba. A watan Yulin 2023 aka tabbatar da ciwon saifa a wata gona a Suleja, kafin watan ya ƙare gwamnatin Legas ta sanar da samun dabbobi shida masu cutar, ta ƙone su ta binne, ta kuma fara rigakafi kyauta. Irin wannan cuta, da murar tsuntsaye, da haukan kare, masu tsallakawa zuwa ga mutum, rigakafinsu da diyyarsu haƙƙi ne a wuyan hukuma, domin babu asusun kasuwar da zai iya ɗaukar annoba. Diyyar kuma dole ta zama ta gaskiya. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna a 2006, naira 250 aka fara yankewa kan kowace kaza, kuma duk inda diyya ta gaza kuɗin dabba, mai ita ɓoyewa zai yi ya sayar a asirce. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024 a nan ya kamata a auna ta. Amma zazzaɓin hanya da gudawa da kaska da raunin da tirela ta yi, waɗanda su ne ke cin jarin mutanenmu kullum, babu gwamnatin da za ta zo ta tsaya a kansu a kowane turke.

Don haka kira na ga Sarkin Hausawan Agege da Sarkin Fawa da shugabannin fataken shanu da na tumaki da limaman unguwa: su zauna da sashen kula da lafiyar dabbobi na ma'aikatar noma ta jihar Legas da ɗaya daga kamfanonin takaful, watanni kafin Babbar Sallah mai zuwa. Ba sai an fara da kasuwa duka ba. A ɗauki sashen raguna kawai na kaka ɗaya, a rubuta nawa suka sauka, nawa suka yi ciwo, nawa suka mutu, nawa aka kashe, sannan bayan Sallah a karanta lissafin a bainar jama'a. In asarar ta ragu, sauran sassan da kansu za su nemi shiga. In ba ta ragu ba, an dai samu alƙaluman da a yau babu wanda ke da su, kuma da su ne za a tunkari gwamnati a nemi haƙƙin masu ciyar da Legas nama.