TALAKA DA TAFIYAR MAƘWABTA: INA JIRGIN DARE?



Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Lokacin da aka yi wannan karin magana babu wanda ya san za a zo zamanin da ƙafar za ta nemi fasfo da katin allura da canjin kuɗi kafin ta taka gidan ɗan'uwa. Gidaje da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato suna da dangi a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. Wasu nasu suna Zangon Kumasi ko Nima ta birnin Akra. Wasu kuma suna Garwa da Ngaundere da Yawunde. Biki zai taso, rasuwa za ta faru, fatauci ma ba ya jira. To, mutumin da abin da ke aljihunsa bai taka kara ya karya ba, ta ina zai bi ya je ya dawo da mutuncinsa da lafiyarsa? A kan wannan nake so mu ɗan tattauna yau, kuma tun daga farko zan faɗi inda na dosa: a ganina babu gatan da ya fi dacewa da talakan yankinmu kamar jirgin ƙasa mai tafiyar dare, kuma rashinsa yana ci mana kuɗi da rayuka fiye da yadda muke zato.

Mu fara cire jirgin sama daga lissafi. Legas zuwa Akra tafiyar kamar awa guda ce a sama, amma kuɗin tikitin ya isa ya ciyar da gida na tsawon lokaci. Abin dariyar ma, sau da yawa wanda zai tashi daga Kano zuwa Yamai sai an gangara da shi kudu, an sauya masa jirgi a wani gari, sannan a sake haurowa da shi arewa, alhali ƙasashen biyu maƙwabtan juna ne. Wannan sai masu hannu da shuni.

Saura mota, ita ce ta kowa. Wanda zai je Maraɗi daga Kano zai bi ta Katsina da Jibiya ya tsallaka zuwa Ɗan Isa. Mai zuwa Damagaram zai bi ta Daura da Kwangwalam da Matamaye. Ɗan Sakkwato kuwa nasa ya fi sauƙi, daga Illela sai Birnin Ƙonni. Da ka shiga Nijar sai ka tarar da manyan bas-bas na kamfanoni irin su Rimbo, masu tikiti da lambar kujera da lokacin tashi, waɗanda suka saba ɗaga ƙafa tun kafin assalatu. Daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wato yini guda cur a zaune. A can gaɓar teku kuma, mai barin Legas zuwa Akra bai kai tafiyar kilomita 500 ba, amma iyaka uku zai ƙetare: Seme, da ta tsakanin Benin da Togo, da Aflawo. A kowace sai an sauka, an bi layi, an buga hatimi.

A nan ne fa lissafin talaka yake ruɗewa. Mutum zai je tasha ya tambayi kuɗin mota, ya zaɓi wadda ta fi araha, ya ɗauka ya gama. Ina! Araha ba ta ado. Bayan kuɗin mota akwai kuɗin kaya, wanda sai yadda kamasho ya ga fuskarka. Akwai zaman jiran mota ta cika, wanda kan cinye rabin yini. Idan rabin yinin ya tafi, dare zai riske ka a bakin iyaka ko a garin da ba ka san kowa ba, sai kuɗin masauki, ko ka shimfiɗa ɗankwali a rumfar tasha sauro ya yi walima da kai. Akwai abinci na kwana biyu a maimakon na yini ɗaya. Akwai na goro a shingaye, duk da cewa tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Sannan ga ɗan canji na bakin iyaka, wanda ya san ba ka da zaɓi. In ka tara duka, sai ka ga motar da ka ce ta fi araha ta ninka kuɗinta. Tun kuma da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a Mayun 2023 abin ya ƙara ta'azzara.

Wani zai ce ai akwai motar dare, ka kwana kana tafiya, ka huta da kuɗin masauki. Gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa 'yan kasuwa suke rububinta ke nan. Amma duk wanda ya san hanyoyinmu ya san abin da ake sayarwa a wannan cinikin: direba ɗaya da barci a idonsa, ramuka, tirela ta lalace a tsakiyar titi babu ko fitila, ga masu tare hanya. Mutum ya tsira da kuɗin ɗaki, ya jinginar da ransa.

Yanzu mu leƙa maƙwabciyarmu Kamaru mu ga yadda ake kwana a hanya cikin mutunci. Akwai layin dogo daga Yawunde zuwa Ngaundere, sama da kilomita 600, wanda aka kammala a 1974, kamfanin Camrail kuma yake tafiyar da shi tun 1999. Jirgin fasinja yakan tashi da yamma ya isa washegari da hantsi. A cikinsa kowa da gwargwadon ƙarfinsa: akwai tarago na masu ƙaramin ƙarfi, akwai na kujeru masu ɗan daɗin zama, akwai kuma ɗakuna masu gado huɗu da masu gado biyu, inda za ka rufe ƙofa ka miƙe ƙafa. Akwai wurin cin abinci, akwai banɗaki. Tsohuwa mai ciwon baya tana iya tashi ta ɗan taka. Mai goyo tana iya shimfiɗar da ɗanta. Mai son yin alwala ba sai ya roƙi direba ya tsaya ba. Idan jirgin ya tsaya a garuruwa irin su Nanga-Eboko da Belabo da Ngaundal, mata da yara za su yo caa da ayaba da rogo da zuma, ana ciniki ta taga da tsakar dare, garin kowa ya samu. Gari yana wayewa ka bar kurmi ka shiga ƙasar Adamawa mai sanyi da shanu. A bakin tashar Ngaundere motoci suna jira, masu zuwa Garwa da Marwa da Kusuri, wadda gada ce kawai tsakaninta da Injamena. Ashe ke nan wannan jirgi ba na Kamaru kaɗai ba ne. Ɗan Cadi ma da shi yake gangarawa kudu, haka ɗan Yola ko Mubi da ya tsallaka Garwa.

Ka duba abin da tikiti ɗaya ya haɗa: kuɗin tafiya, da kuɗin kwana, da yinin aiki guda da ba ka ɓatar ba. Ɗan kasuwa zai rufe shagonsa da la'asar, ya wayi gari a wata kasuwar. Wannan lissafin ne ya sa Turawa ma, da duk jiragen samansu masu araha, suka koma wa jirgin dare. A 2016 kamfanin jirgin ƙasa na Jamus ya yi watsi da jiragensa na kwana, sai na Ostiriya ya karɓi wasu daga cikin hanyoyin ya sa musu suna Nightjet, mutum ya kwanta a Biyana ya farka a Italiya ko Jamus. In waɗanda suke da zaɓi sun ga amfaninsa, ina ga mu da ba mu da shi?

Na san akwai masu ja, kuma ba su rasa hujja ba. Za su ce jirgin Kamaru yakan yi latti, wani lokacin na awoyi. Haka ne. Za su tuna mana da hatsarin Eseka na Oktoban 2016, lokacin da jirgin Yawunde zuwa Duwala, wanda aka ƙara wa taragai saboda yawan jama'a, ya kauce daga layi, hukuma ta ce mutum 79 sun rasu. Za su kuma tuna mana da daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe wasu aka sace da dama, jirgin bai dawo aiki ba sai a Disamba. Wanda ya rasa ɗan'uwa a ɗaya daga cikin waɗannan ba za a ce masa ya yi haƙuri da lissafi ba. Amma mu yi wa kanmu adalci: hatsarin jirgi muna tuna shi da rana da wata saboda ba kullum yake faruwa ba, na mota kuwa ya zama ruwan dare har mun daina ƙirgawa. Sannan tsare layin dogo guda da tashoshinsa sanannu ya fi sauƙi a kan tsare ɗaruruwan motoci da suka watsu a daji cikin duhu. Abin da Eseka da hanyar Kaduna suka koya mana shi ne a gyara, a tsare, a daina lodin wuce kima. Ba a fasa noma don tsoron fari.

To me ya sa mu ba mu da jirgin da zai kai mu maƙwabta? Amsar tana cikin tarihi. Kakanninmu fatake, da jakunansu da madugunsu, sun riƙa bi daga Kano har Gwanja neman goro, suna yada zango gari-gari, babu wanda ya ce musu ga iyaka. Da Turawa suka zo suka shimfiɗa dogo, ba don zumuncinmu suka yi ba. Kowa ya ja layinsa daga bakin teku zuwa inda gyaɗa da auduga da kuza suke. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duk ya tsaya yana hangen Nijar bai shiga ba. Faransawa sun ja nasu daga Abijan suka raɗa masa sunan Abijan-Nijar, ya isa Wagadugu a 1954, bai taɓa ganin Yamai ba. Na Kwatano ya tsaya a Paraku. Kai ko da ma sun haɗu da ba su gaisa ba, domin faɗin layin Ingilishi daban, na Faransa daban: tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, nasu mita ɗaya daidai. Bayan 'yancin kai ma ba mu ɗinke wannan ɓaraka ba. A Janairun 2016 an yi bikin buɗe layin Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, amma talaka bai mori komai a cikinsa ba. Jirgin fasinja na Abijan zuwa Wagadugu, wanda shi ne abin nuni a yankin, annobar korona ta tsayar da shi a 2020.

Shi ya sa idona yake kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Masu suka sun ce me Najeriya za ta samu a Maraɗi; masu karewa sun ce kayan Nijar za su riƙa bi ta tashoshin ruwanmu. Duka ɓangarorin biyu maganar kaya suke yi, babu mai maganar mutum. Mu yi ɗan lissafi. Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ne, yana aiki tun 2016. Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, kusan 200 ne. Ka haɗa da na Maraɗi, ka sami kusan kilomita 670, wato bai fi na Yawunde zuwa Ngaundere da wani abin kirki ba. Tafiyar dare ɗaya ke nan. Abin da ya kamata wakilanmu da sarakunanmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su dage a kai shi ne: a sa taragan kwana, a ware na mata da iyali, a bar tarago mai araha da wurin ajiye buhu, a kuma riƙa duba takardu a cikin jirgi ko a tasha guda, kada a mayar da Jibiya wata sabuwar Seme. In ba a nema tun da wuri ba, za a miƙa mana jirgin 'yan boko mai sanyi da tsada, mai kwando da ƙullin kaya ta koma tashar mota. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin Allah ya kawo wannan rana, ga 'yar shawara ga mai niyyar tafiya. Ka tashi da sassafe domin ka ƙetare iyaka da rana. Ka fifita motar kamfani mai tikiti a kan ta bakin hanya, ko da ta ɗara kuɗi kaɗan. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara, domin rashinsa shi ne ƙofar da aka fi shigo wa matafiyi ta ita. Ka yi canjinka a kasuwar da aka sani, irin Wapa ta Kano, ka nemi ƙananan kuɗi. Ka kuma sani sefar Nijar da Benin da Togo daban take da ta Kamaru da Cadi. Darajarsu ɗaya a hukumance, amma mai shayi a Garwa ba zai karɓi jikar Maraɗi ba. Sannan ka tambayi halin da iyaka take ciki kafin ka ɗaura kaya, don siyasa tana rufe ta ba sallama: an rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, a shekarar 2023 ɗin kuma aka rufe gadar Gaya da Malanbil har matafiya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. A Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake ƙungiyar ta ce a lokacin a ci gaba da barin jama'arsu su shiga su fita ba biza.

Gwamnatoci suna faɗa suna shiryawa, amma auren da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ya girme su duka. Allah ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, ya kai kowa gida lafiya, ya kuma nuna mana ranar da talaka zai kwanta a Abuja ya yi sallar asuba a Maraɗi. Amin.