Hijabin Bilkisu bai karya ƙafar kowa ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fagen kokowa a Tawa, garin da aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, ya ga yadda ɗan kokowa ke shigowa da layu a damtse da guru a ƙugu, ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa a bainar jama'a, ba kuwa alƙalin da ya ce masa sai ya ajiye imaninsa a ƙofa. Saboda haka mutumin Adar zai riƙe baki idan aka gaya masa cewa a ƙasashen da ke tinƙaho da ƴanci, ɗan ƙyallen da ɗaliba Musulma ta rufe kanta da shi ya isa a kore ta daga fili.

Bilkisu Abdulƙadir, ƴar jihar Masacusets ta Amurka, ta ci maki 3,070 a ƙwallon kwando tun tana sakandare, abin da ba namiji ba mace da ya taɓa yi a jihar kafin ita. Ta yi wa Jami'ar Memfis wasa, ta kuma yi wa Jami'ar Jihar Indiyana, duk da hijabinta a ka. Da ta gama karatu a 2014 ta nemi shiga wasan ƙwararru, sai ta tarar da dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda ta hana rufe kai. Aka ce ta zaɓa, ko hijabi ko sana'a. Ta zaɓi hijabi. Sai a 2017 hukumar ta soke dokar, bayan shekarun da ɗan wasa ke cin kasuwarsa sun wuce yarinyar. Wa zai biya ta?

Haka Nur Abukaram, ɗaliba mai shekara 16 a jihar Ohayo. A watan Oktoba na 2019 ta yi tseren kilomita 5, ta ƙare da gudun da ba ta taɓa yin irinsa ba, ta je duba sunanta a takardar sakamako ba ta gan shi ba. Laifinta kawai shi ne ba a nemo mata takardar izinin sa hijabi ba. Sai da ta yi ta fafutika har majalisar jihar ta yi doka a 2022 ta hana irin wannan wulaƙanci.

Hujjar da masu hanin suka daɗe suna fakewa da ita ita ce kariyar lafiya, wai ƙyallen na iya shaƙe mai shi ko ya raunata abokiyar karawa. To, hukumar FIFA ta halatta shi tun 2014, Nuhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da shi a 2023, kuma Bilkisu ta yi shekaru tana gwabzawa a filayen jami'o'i ba a ɗauki kowa zuwa asibiti saboda kallabinta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Da wannan hujja ta faɗi, sai Faransa ta fito da tata fili, wato raba addini da mulki. A watan Yuni na 2023 kotun ƙolin ƙasar mai duba harkokin mulki ta goyi bayan hukumar ƙwallon ƙafa kan hana hijabi. A wasannin Olimfik na Paris a 2024 ƴan wasan kowace ƙasa sun rufe kansu in sun so, ban da na mai masaukin baƙi. Sunkamba Silla, ƴar tseren Faransa, sai da ta sa hula a madadin hijabi kafin a bar ta ta shiga bukin buɗewa. Amma ranar rufewa Sifan Hassan ta Holan ta hau dandamali da hijabinta ta karɓi zinariyar gudun fanfalaƙi a gaban duniya. Shin filin ƙwallo ofishin gwamnati ne? Yarinyar da ke gudu hukunci take yankewa, da za a ji tsoron ta yi son kai?

Wani zai ce ina ruwan Allakaye da rigimar Paris. Da ruwanta, ta fuska biyu. Ta farko, an daɗe ana kwafo dokokin makarantu da na wasanni daga Faransa ana liƙa musu tutar Nijar, kuma ma'aikata sun fi kowa sanin haka. Wajibi ne ma'aikatun ilimi da na wasanni da hukumomin kowane wasa su rubuta ƙarara cewa ɗaliba na da ikon shiga kowace gasa da hijabi da dogon wando, kada a bar abin ga ra'ayin wani alƙalin wasa ko malamin motsa jiki.

Ta biyu ta fi ɗaci. A ƙauyukan Buza da Keita da Madawa ba dokar Bature ce ke tare ɗiya mace ba. Uban da ya hana ɗiyarsa wasan makaranta, yana cewa gudu ba na ɗiyar Musulmi ba ne, ya sani cewa ya sa hannu a takarda ɗaya da masu korar Bilkisu, domin su ma abin da suke faɗi ke nan: hijabi da fili ba sa haɗuwa. Ba daidai ba ne a yi ta zagin Faransa a rumfar kasuwa da rana, da dare kuma a zartar da hukuncinta a cikin gida.

Ƴan kasuwar Adar da ke zuba wa ɗan kokowa kuɗi in ya yi kaye ba za su rasa na ɗinka wa ƴan matan kwaleji kayan wasa masu sutura ba, ko na share musu fili. Alfaga ya kawo wa Nijar azurfa daga Riyo a 2016 saboda an ba shi fage. Ɗiyar Allakaye ma fage take jira, da hijabinta a ka. Allah ya sa masu iko da iyaye su ji.