Ƙafar hagu ce ke tuƙa mota mai giya

 Mun san abin da ke ran da yawa daga cikinku, musamman 'yan aji shida masu shirin ajiye alƙalamin jarrabawa: a samu a iya mota kafin sakamako ya fito. Wasu ma tuni sun fara zagaya filin ƙwallo da motar gida, har sun ɗauka sun gama. To amma filin ƙwallo ba shi da Adaidaita Sahu, ba mai tura baro, ba akuyar da za ta gitta. Wanda ya iya sa giya uku a fili, da sauransa. Ranar da za a ce ya iya ita ce ranar da ya shiga cunkoson bakin Kantin Kwari da yamma, ya yi rabin awa yana tafiyar taku biyar-biyar, motar ba ta mutu masa ba, bai kuma daki ta gabansa ba.

Bari mu fara kawar da maganar doka. A Najeriya sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi. Mai koyo kuwa yana bukatar takardar izinin koyo, ya liƙa alamar L gaba da baya, sannan a samu mai lasisi zaune a gefensa. Hanyar da aka tsara ita ce a shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, wato hukumar nan da aka kafa a 1988, daga baya jami'an VIO su yi wa mutum gwaji. Wanda bai kai 18 ba ya ɗauki mukullin Baba ya hau titi, ya saɓa doka, kuma in tsautsayi ya faɗa kan ɗan wani, ba shi kaɗai zai amsa tambaya ba. Kada ƙanana su rufe shafin, akwai rabonku a ƙasa.

Wani zai ce, me ya kai mu wahalar giya alhali otomatik ta cika gari? Ku duba tashar motar garinku. Yawancin bas-bas, da Golf ɗin haya, da akori-kura, da manyan motoci, masu giya ne. Iyayenmu da dama a kan Fijo 504 suka koya, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Wanda ya iya mai giya, yini guda ya ishe shi ya saba da otomatik. Wanda ya fara da otomatik kuwa, in aka miƙa masa mukullin mai giya sai ya koma ɗan koyo.

Duk sirrin yana wajen kuloci, abin takawar nan na hagu. A tsakanin inji da akwatin giya akwai faifai da ke manne da wani ƙarfe mai juyawa tare da injin. In ƙafa ba ta kan kuloci, a matse suke, suna juyawa tare, ƙarfin inji yana isa ga taya. Da an taka shi sai su rabu, inji ya ci gaba da aikinsa, taya ba ta samun komai. 'Yan ajin kimiyya sun san wannan, gogayya ce kawai. To ku yi tunani: inji yana juyawa sau ɗari bakwai ko takwas a minti guda ko da ba a taka totur ba, mota kuwa tana tsaye cak da nauyinta fiye da tan guda. In aka saki kuloci gaba ɗaya lokaci guda, an ce wa injin ya ɗauki wannan nauyi a take. Ba zai iya ba. Sai motar ta yi tsalle ta mutu.

Saboda haka akwai wani ɗan wuri a tsakiyar tafiyar kuloci, bai fi faɗin yatsu biyu ba, inda faifan ke fara kamawa. Ba a ganinsa, jinsa ake yi. Ƙarar inji takan yi ƙasa kaɗan, jikin motar ya ɗan yi rawa, kamar doki da ya ji an sassauta linzami. Kowace mota da nata wurin, na wata yana ƙasa, na wata sai an ɗago sosai. Malamin da ya san aikinsa zai sa ɗalibi a wuri mai shimfiɗe, giya ɗaya, ba totur ko kaɗan, ya ce a ɗago a hankali har motar ta fara jan jiki, a riƙe a nan, a sake takawa ta tsaya. A maimaita sau ashirin, sau talatin. Abin da ban haushi, mun sani, domin ba abin da za a je a yi wa abokai fankama da shi. Amma duk wanda ya tsallake wannan darasi, titi zai koya masa shi a gaban jama'a.

A cikin cunkoso, kuskuren da aka fi yi shi ne manne wa motar gaba. Ta matsa taku biyu, kai ma ka matsa biyu, ƙafa na riƙe da kuloci rabi da rabi, totur na kuka. Wannan shi ke cinye faifan, kuma in kun taɓa jin wani ƙauri kamar na ƙonanniyar roba a cikin mota, shi ne. Dabarar tsofaffin direbobi ita ce a bar 'yar tazara ta taru, sannan a saki kuloci duka a bar giya ɗaya ta ja motar a hankali. Lalle wani mai babur zai cusa kai cikin tazarar. A bar shi. In tsayuwar za ta daɗe, kamar a danja, a mayar da giya firi a ɗauke ƙafa. Kuma kuloci ba wurin hutun ƙafa ba ne, ko ɗora ta kawai aka yi ana tafiya, ana rage masa kwana.

Motar za ta mutu muku a tsakiyar titi. Ba wanda bai faru da shi ba. Danja za ta ba da hannu, a ɗago ƙafa da gaggawa, sai tsit, nan take na baya su ɗora hannu kan hon, wani ya leƙo ya ce a koma makaranta. Abin yi bai wuce huɗu ba: taka birki, taka kuloci, tayar da inji, sa giya ɗaya. Daƙiƙa biyar ne. Hon ba ya fasa mota, amma ruɗewa tana sa a taka totur a maimakon birki.

Sai hawa. Kano ba gari ne mai tudu ba, amma gadojin sama irin ta Ƙofar Nasarawa sun kawo mata hawan da babu a da, kuma cunkoso na iya tsayar da mutum a tsakiyarsa. Mutanen Jos kuwa kullum a ciki suke. Da an ɗaga ƙafa daga birki sai motar ta fara komawa baya, ga wata a manne da ita. A nan birkin hannu ke aiki. A ja shi, a sa giya ɗaya, a ba da totur kaɗan, a ɗago kuloci har a ji motar tana son tafiya, sannan a sauke birkin. Wasu na ganin amfani da birkin hannu alamar rashin ƙwarewa ce. Mu dai ba mu ga ƙwarewar da ke cikin fasa wa mutum fitila ba.

Akwai wata ɗabi'a da muke so ku ƙi ta tun yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa lissafin lita yake yi, sai ka ga direba ya saki mota a firi a gangare, wani har ya kashe inji. A firi injin ya daina taimakawa wajen riƙe motar, duk nauyin ya koma kan birki. In kuwa aka kashe shi, birki da sitiyarin yawancin motoci sai su yi tauri, domin daga injin suke samun taimako. Abin mamakin ma, motocin zamani da yawa kan tsayar da shan mai in an ɗaga ƙafa daga totur alhali giya na ciki, ke nan firin bai tsimi komai ba.

Ku yi wannan lissafin a bayan littafinku. Iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari kilomita 50 ne a awa. Ku mayar da shi mita, ku raba da daƙiƙa 3,600, za ku samu kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ɗan koyon da ya sunkuya na daƙiƙa biyu yana neman inda giya uku take, ya ci mita 28 ido rufe. Shi ya sa ake so hannu ya haddace wuraren giya tun mota na tsaye, inji a kashe. Takalmi ma a kula, silifas yana zamewa ko ya maƙale. 'Yan mata a tattare bakin zane ko doguwar riga, samari ma haka in babbar riga ce.

Ga rabon waɗanda ba su kai 18 ba. Duk sa'ad da kuka shiga mota mai giya a wannan makon, ku ajiye hira ku kasa kunne. Ku lura da yadda kukan inji ke hawa kafin direba ya canza giya, da yadda yake sauka bayan ya canza. Ku gwada cewa "yanzu" a zuci kafin hannunsa ya motsa. In kujerar gaba kuka samu, ku kalli ƙafarsa ta hagu daga danja ɗaya zuwa ta gaba, ku ƙirga sau nawa ta taka.