Ra'ayinmu: Rariyar Masana Ma Takan Yi Huji

A watan Oktoban 2023, lokacin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin kansar bakin mahaifa a Jigawa da wasu jihohi, mu malamai muka sha tambayoyi. Uba zai tare malami a bakin masallaci, ya miƙa masa waya, ya ce: "Malam, duba, an ce masana sun yi bincike." Sau da yawa mukan rasa amsa, domin an tarbiyyantar da mu a kan girmama duk abin da aka buga. Lokaci ya yi da za mu san yadda ake tace binciken lafiya, da inda rariyar take yin huji.

Kafin mujallar kimiyya ta buga bincike, takan aika shi ga masana biyu ko uku su tantance. Aikinsu ya yi kama da namu ranar makin jarrabawa: muna ganin amsar da ke kan takarda, amma ba mu ga abin da ya faru a ɗakin jarrabawa ba. Su ma rubutun suke karantawa, ba safai suke ganin ainihin bayanan marasa lafiya ba. Saboda haka mai kuskure yakan wuce, mai ha'inci ma yakan wuce.

A 1998 mujallar Lancet ta Ingila ta buga binciken wani likita, Andrew Wakefield, wanda ya alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da lalurar galahanga. Yara 12 kacal ya duba. Iyaye suka tsorata, ƙyanda ta dawo inda aka kusa mantawa da ita. Sai a 2010 aka janye rubutun, aka kuma soke sunan likitan daga rajista. A watan Mayun 2020 mujallar ta sake buga wani bincike kan ɗan'uwan kulorokwin da cutar korona, wanda ya yi iƙirarin tattara bayanan mutum 96,000 daga asibitoci 671. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da nata gwajin saboda shi. Masu karatu ne suka lura cewa mutuwar da aka ƙirga a Ostireliya ta zarce wadda ƙasar ta sanar, aka janye shi cikin mako biyu.

Mu a nan muna da namu tabon. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, guda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: wannan tabo na cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 har kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara suka gurgunce.

Ga inda hatsarin yake ta fuska biyu. Wanda ya gaskata duk abin da aka buga zai cutu, wanda ya ƙi duk abin da masana suka faɗa zai fi cutuwa. Mu tuna cewa masana da 'yan jarida ne suka tono waɗancan kurakuran, kuma bincike a kan dubban ɗaruruwan yara ne ya wanke allurar ƙyanda. Rigakafin da aka guda ne ya sa aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna a watan Agustan 2020.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwa malamai: kafin mu tura wani "bincike" a WhatsApp, ko mu kafa hujja da shi a kundin kammala digiri, mu tambaya. Mutum nawa aka duba? Wa ya ɗauki nauyinsa? Wasu sun maimaita sun sami sakamako ɗaya? Ko an riga an janye shi? Muna kuma ba shugabannin reshe shawarar su gayyato malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse su yi mana bita a taronmu na gaba.

A aji kuwa, idan yaro ya ce "Malam, ta yaya aka sani?", kada mu tsawata masa. Mu kai shi bayan aji, ya shuka wake a inuwa da kuma a rana, ya auna da kansa, ya rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da ya zata.