Ƙaura daga Windows: wa zai biya kuɗin?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da yake ba Windows 10. Akwai ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, amma wannan ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta take karɓa ba: tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma idan furosesar ta Intel ce, galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460, zubi na 6 ne. Lafiyarsu lau, amma an rufe musu ƙofa.

Tun daga lokacin shawara iri biyu ke yawo. Masu hali suna cewa a sayi Mac a huta. Matasan da suka iya kwamfuta suna cewa a koma Linux, kyauta ce, kuma duk abin da mutum ya sani yana can, wurin zamansa kawai ya canza. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ba ta kwanta mini ba. Ba ƙarya ba ce, amma wanda yake faɗarta ba shi zai zauna yana laluben wurin ba.

A ɗauki Mac. Ka zaɓi fayil ka danna Enter, maimakon ya buɗe sai ya nemi ka sake masa suna. Ka danna jan maɓallin da ke kusurwar taga, tagar ta ɓace, amma yawancin manhajoji suna nan suna ci gaba da aiki har sai ka danna Command da Q. Aikin da ƙaramin yatsa ya saba yi a kan Ctrl ya koma hannun babban yatsa a kan Command. Yanke fayil a kai shi wata folda ma ba yadda aka saba ba ne: sai ka kwafe shi, sannan ka haɗa Option da Command da V. A Linux babu wani abu wai shi C:, komai naka yana cikin foldar home, kuma "Rahoto" da "rahoto" fayiloli biyu ne daban. Idan ka shiga baƙar tagar rubuta umarni ka danna Ctrl da C don ka kwafi rubutu, abin da ke gudana ne za ka kashe.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bai kai a ɗaga murya a kansa ba. Matsalar ita ce ba a ƙwaƙwalwa suke zaune ba, a yatsu suke. Lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, titunan ba su canza ba, direbobi ma sun san dokar sarai, amma sai da aka yi ta wayar da kan jama'a domin hannu ba ya jin sanarwa. Mai buga takardu da ke bakin jami'a, wanda ake biyansa a kan kowane shafi, saurin yatsunsa shi ne jarinsa. Idan saurin ya ragu na tsawon makonni a lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa kundin bincike, asarar a aljihunsa take. Za a ce sabo turken wawa. To, amma da wannan turken yake ciyar da iyalinsa.

Wannan ma shi ne ɓangaren da ke warkewa da kansa. Wanda ba ya warkewa shi ne abin da babu shi kwata-kwata. Duk wanda ya taɓa kai aikin kalanda ko katin biki wajen masu ɗab'i ya san da CorelDRAW ake magana, kuma CorelDRAW ba ta da sigar da ake girkawa a Linux. Photoshop ma haka, Microsoft Office ma haka, sai dai ta intanet. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP da LibreOffice, kuma ba na raina su. Sai dai mai zane ba shi kaɗai yake aiki ba. Fayil zai karɓa daga wani, fayil zai miƙa wa mai injin bugawa, kuma in launi ya kauce ko rubutu ya zame, ba wanda zai saurari bayanin cewa manhajarsa ta 'yanci ce. Takardar Word da aka tsara da salon rubutun Calibri, idan ta buɗe a inda babu shi, sai an sa wani mai suna Carlito da aka auna daidai da shi, in ba haka ba shafuka su zame, jadawali ya tsallake. Ɗalibin da malaminsa ya ce ya gyara shafi na 42 zai tarar da maganar ta koma wani shafin.

Mu masu rubutun Hausa muna da namu ƙarin haraji. Rubuce-rubuce da yawa an buga su ne da salon Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace na'ura. A cikinsu an ari wasu alamomin kibod ne aka ɗora musu siffar ƙ da ɗ da ɓ. Buɗe irin wannan fayil a sabuwar kwamfutar da ba a sa mata salon ba, sai ka ga "}asa" da "]aya". Ana iya gyarawa, Linux ma tana da tsarin kibod na Hausa, amma wani ne zai zauna ya bi tsofaffin littattafai ɗaya bayan ɗaya.

Sai kayan da ake jonawa. Firintar HP LaserJet 1020, wadda ta daɗe tana yi wa shaguna bauta, tana buƙatar a sauko mata da wani ƙarin fayil kafin ta motsa a Linux. Wasu kwamfutocin masu katin Broadcom ba sa ganin Wi-Fi sai an sauko da manhajarsa, wato kana neman intanet domin ka samu intanet. Mac kuma tana karanta faifan ajiya da aka tsara da NTFS na Windows, amma ba ta rubutu a kansa. Ubuntu ta yanzu, ɗaya daga nau'o'in Linux, ta kusa gigabait 6 kafin a fara maganar sabuntawa, kuma data ba sadaka ake ba da ita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wa za ka kira. Windows tana da maƙwabta. In ta rikice, akwai yaro a gida ko mai gyara a bakin titi da ya ga irin matsalar sau ɗari. Kai masa Linux, mafi yawan lokaci maganinsa ɗaya ne: ya goge ya mayar maka da Windows, ka biya shi.

Kada a ɗauka wannan matsalar talaka ce kawai. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar barin Windows a 2003, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa ya lallashi magajin garin. Sai a 2013 aka kammala, da kwamfutoci wajen 15,000. Birnin ya ce ya tsimi sama da yuro miliyan 10. Duk da haka ba a taɓa rabuwa da Windows gaba ɗaya ba, saboda wasu manhajojin aiki ba sa gudana sai a kanta, don haka aka riƙa ɗawainiyar tsari biyu. A 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa, aka ƙiyasta kuɗin komawar kusan yuro miliyan 50. Masu kare Linux suna cewa siyasa ce, suna nuni da cewa Microsoft ta mayar da hedikwatarta ta Jamus cikin Munich a 2016. Mai yiwuwa suna da gaskiya. Ko da hakan ne, an biya kuɗin zuwa, an kuma rubuta na dawowa. Jandarmomin Faransa kuwa sun yi nasara, kuma yadda suka yi ya kamata a duba: OpenOffice suka fara sawa a 2005, sai Firefox, duk a kan Windows, ba su fara sauya babbar manhajar zuwa Linux ba sai a 2008, bayan hannun ma'aikata ya riga ya faɗa.

Riba fa? Munich kuɗin lasisi ta tsima. A wajenmu wannan gurbin kusan wayam yake, domin kwamfutar hannu da Windows ɗinta take zuwa, ko kuma mai gyara ya girka wadda ba a tambayar asalinta. Ribar da ta rage ta tsaro ce, kuma ba ƙarama ba ce: ƙwayar cutar nan da ke mayar da fayilolin filashi gajerun hanyoyi ba ta cin Linux, tsohuwar kwamfuta kuma za ta ci gaba da samun gyaran tsaro. Wanda aikinsa bai wuce intanet da wasiƙu da kallon bidiyo ba, Linux Mint za ta ishe shi, fuskarta ma ta yi kama da abin da ya saba. Mai shagon ɗab'i da akanta da sakatariyar da ke musayar takardu da ofisoshi goma, su fara sa LibreOffice a kan Windows ɗin da suke da ita, su gwada Mint daga filashi ba tare da sun goge komai ba, su jona firintarsu su ga ko za ta amsa.