Laifi Tudu Ne

Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah a Amurka! A 2022 gwamnatin Biden ta yi wa masu sayen motar lantarki rangwamen haraji har dala 7,500. A 2025 Trump da 'yan jam'iyyarsa suka soke shi, wai ɓarnar dukiya ce. To, kada hayaniyarsu ta ruɗe ku. A 2024 Biden ya lafta wa motocin lantarki na Sin kuɗin fito ɗari bisa ɗari, Trump ya hau bai cire ba. Ashe bakinsu ɗaya wajen kāre masana'antunsu! Alhali tun shirin SAP na 1986 ake yi wa Nijeriya wa'azin buɗe kasuwa, har masaƙun Kaduna suka durƙushe. Ni dai na ce, in kariya guba ce, su fara zubar da tasu mana!