Alkyabba Ba Kwat Ba Ce

Ran nan da hunturu, a Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, wani ɗan makaranta ya hangi basarake bisa doki, sai muka ji ya ce wa abokinsa, "Dubi kwat ɗinsa!" Muka kwaɓe shi. Sai ga wani mai ji da boko ya tare masa, wai Hausa ba ta da sunan riga mai nauyi ta gashin tumaki sai da Turawa suka zo. To, wannan magana ba mu yarda da ita ba ko kaɗan.

Ku 'yan makaranta, abin nan sunansa alkyabba. Asalin kalmar Larabci ne, al-ƙaba', watau rigar bisa mai buɗaɗɗen gaba. Bahaushe ya haɗiye "al" ɗin ya mai da shi jikin kalma, kamar yadda ya yi wa alƙalami da albasa da alƙali. Ba jirgin ƙasa ya kawo ta ba, gama jirgi bai iso Kano ba sai 1911. Raƙuma suka ɗauko ta daga Tarabulus, ta Gadamas da Gat da Agadas, har Katsina. Barth ma, Bajamushen nan da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, alkyabba tana cikin gaisuwar da yakan kai wa sarakuna. Ashe baƙo ya san ta, ɗan gida ya mance?

Jan mulufin da akan ɗinka ta da shi kuwa, Larabawan Magrib ke ce masa malf, masana kuma suna danganta sunan da Amalfi, wani garin fatake a gaɓar tekun Italiya. Jabba daga jubba take, ita ce kuma ta haye teku, mutanen Faransa suka mai da ita jupe. Kun ga su ma Turawan da aro suke ado.

Ba mu ce a kori kwat ba. Baƙuwa ce daga Ingilishi, ta sami masauki, ta zauna lafiya. Amma fa kowa ke da kuɗi sai ya shiga kasuwar Funtuwa ya sayi kwat ya sa. Alkyabba kuwa ta sarakuna ce da limamai, ran naɗi ake yafa wa mutum ita gaban jama'a. Yaron nan na Mabai, in an bar shi haka, ran da ya ji an ce Sarki ya ba wane alkyabba, sai ya zaci sanyi ake jiye masa.